Gishiri a Ƙarƙashin Kujerata

Juma'a, 28 ga Maris, da hantsi

Yau ake buɗe kakar besbol, wasan ƙwallo da sanda, kuma a gida ƙungiyarmu Kaguwa za su fara, da Gauraka. Tun jiya na wanke rigunan ƙungiya guda biyu, tawa da ta mijina Tokuji, na shanya su a baranda inda duk unguwa za ta gani. Matar mai shagon wanki da ke ƙasa ta ɗaga kai ta gan su, ta yi sauri ta kawar da ido. Ta ƙara kallo ma idan tana so.

Noriaki ya bugo waya daga Osaka ban ko gama shayi ba. Shi kaɗai na haifa, kuma tun farkon watan nan ya naɗa kansa uban gida.

"Mama, ba dai filin wasa za ki ba?"

"To ina zan je? Iyo a teku?"

"Ko mako huɗu ba a yi ba. Mutane za su yi magana."

"Su yi mana, bakinsu ne."

Ban gaya masa da wa zan je ba. Kujeru biyun nan na bayan katangar dama namu ne ni da ubansa tun kafin a haife shi, kuma ban ga dalilin da zai sa ɗaya ta zauna a banza ba.

Bara an rufe kaka da lallasa mu a gida, tara da ɗaya. A wancan ɗakin asibiti mai farin labule, lokacin da yake iya magana, abu ɗaya Tokuji ya riƙa nanatawa. Ya ce, "Fumiyo, ba zan tafi da wannan a idona ba. Sai na ga sun ci a gida, ko sau ɗaya ne." Na ce to. Ban saba ce masa to ba, shi ya sa na riƙe wannan ɗin.

Har ashirin ga Afrilu yana nan kusa, kowa ya san haka. Sai mako bakwai sun cika da rasuwa ake kai tokar mamaci haikali ya haye lahira. Kafin nan wasannin gida sun fi goma. Ko Kaguwa, da duk lalacewarsu, ba za su faɗi goma a jere ba.

Asabar, 29 ga Maris, da safe

Biyar da biyu. An ci mu.

A ƙofar shiga ana buɗe jakar kowa saboda kwalba da gwangwani. Matar da ke dubawa ta zuge tawa, ta ga farin ƙyallen da na naɗe tulun tokarsa da shi, hannunta ya tsaya cak. Ta dube ni, na dube ta. Ta rufe jakar da hannu biyu a hankali, ta rusuna har hularta ta kusa faɗuwa, kuma ba ni ta rusuna wa ba. Ta ce, "Ku biyun ku ji daɗin wasa." Wannan matar ta fi rabin danginmu hankali.

Na ajiye jakar a kujerarsa, na lulluɓe ta da rigarsa, na juya ta tana fuskantar fili. Can sai ga Hamaguchi da gangarsa. Shi ke kiɗa wa ɓangarenmu tun yana dillalin kifi a kasuwa, kuma shi da Tokuji tare suka yi makaranta. Matarsa Kinuyo na biye da shi da kwandon abinci. Ya tsaya a kaina yana murza sandar kiɗi.

"Fumiyo-san, ban zaci ganinki ba sai bayan…"

"Bayan me, Hama-san?"

"Bayan an ɗan huta."

"Ni ban gaji ba. Ka je ka buga gangarka, an kusa farawa."

Laifin jiya na koci ne. Kowa a filin ya ga hannun mai jifarmu Minegishi ya mutu tun zagaye na biyar, jifarsa ta koma kamar yana miƙa wa mutum lemo, amma kocin ya naɗe hannu yana kallon sama. Na zage shi zagin mutum biyu.

Lahadi, 30 ga Maris, da yamma

An ci mu uku a jere. Gauraka sun kwashe kayansu sun tafi suna dariya. Jakar ba ta da nauyi, kafaɗata ce ta tsufa.

Laraba, 2 ga Afrilu, da rana

Kaguwa sun tafi Tokyo, kuma jiya sun ci bakwai da ɗaya. Na ajiye rediyo kusa da shi a kan ɗan teburin turare, muka ji tare. Amma wannan ba ya cikin alkawari. A gida ya ce, kuma da ido.

Furen itacen ceri ya buɗe a bakin magudanar ruwa. Duk shekara 'yan unguwa sukan shimfiɗa tabarmi a ƙarƙashi, kuma ni ce mai kawo ƙwai mai daɗin nan da suke rububi a kai. Bana ba wanda ya ƙwanƙwasa min ƙofa. Na ji hayaniyarsu ta taga. Su ci na kanti.

Na sake dafa shinkafa ta mutum biyu. Ba mantuwa ba ce, tukunyar ce ba ta iya dafa ƙasa da haka da kyau.

Alhamis, 3 ga Afrilu, da yamma

Sun sake ci a can. 'Yan banza, a gidan mutane suke da ƙarfi.

Asabar, 5 ga Afrilu, da safe

Jiya 'yan ƙungiyar Dila suka zo. Da na isa kujerata na sunkuya zan ajiye laima, sai na ga ɗan faranti a ƙarƙashi, da gishiri an tula shi an yi masa tsini. Irin wanda ake ajiyewa don korar ƙazanta, irin wanda ake yayyafa wa mutum a bakin ƙofa in ya dawo daga jana'iza. A ƙarƙashin kujerata, ba ta kowa ba.

Duk layin suka zama masu karatun allon maki, alhali ba a rubuta komai a kai ba tukuna.

Na zauna. Na buɗe kwanon abincina, na ɓare dafaffen ƙwai, na ɗauko farantin na ɗora a cinya.

"Wa ya kawo min gishiri? Na gode, dama na manta da nawa."

Na dangwala na cinye, na ɓare na biyu. Wani a baya ya tuntsire da dariya ya mayar da ita tari. Kinuyo kuwa ta ce wa iska, amma da ƙarfin da zan ji:

"A da, mai zaman makoki ba ya shiga taro sai kwanakinsa sun cika."

Na ce wa iskar, "A da, Kaguwa suna da mai jifa."

Huɗu da uku aka ci mu, a zagaye na tara, na ƙarshe. Ban yi kuka ba. A cikin jirgin ƙasa na rungume jakar saboda cunkoso.

Asabar, da yamma

Biyar ke nan. Mutanen da ke haguna sun matsa, an bar kujeru uku ba kowa. Na miƙe ƙafa na sake.

Lahadi, 6 ga Afrilu, da la'asar

Ruwa tun asuba, an soke wasa. Ruwa ya cinye min guda ɗaya.

Hama-san ya zo gida da kifi a takarda. Ya durƙusa gaban teburin, ya kunna turare, ya daɗe da hannu a haɗe. Da ya juyo idonsa ya yi ja, ya ce hayaƙin ne. Na zuba masa shayi, ya riƙa juya kofin bai sha ba.

"Fumiyo-san, ba ni ba ne, mutane ne."

"Kullum mutane ne. Faɗi abin da ya kawo ka."

"A waje suna ci, a gida suna faɗuwa. Ana ta tambaya, me ya canza a gida bana? Mako biyu kawai suka rage. Ki zauna ki huta, bayan an kai shi ki dawo, ni da kaina zan goge miki kujera."

"Kana nufin ni ce nake sa mai bugunmu Karasuda ya kai wa iska duka? Tun daga bayan katanga? To ai sai ƙungiya ta ɗauke ni aiki, ta tura ni in zauna wa Dila."

"Ba abin dariya ba ne. Toku da kansa, ranar da muka binne mahaifina, bai bar ni na taɓa ganga ba sai bayan mako bakwai."

Wannan gaskiya ne, kuma ya yi min zafi. Tokuji ya fi kowa irin wannan camfi. In an ci yana sanye da safa, ba za a wanke ta ba sai an faɗi. Na sha fama da wari a watannin kirki.

Na ce, "Gishirin naka ne?"

Ya kalli shayinsa. Na tashi na buɗe masa ƙofa. Kifin dai na karɓa, don mai kyau ne.

Laraba, 9 ga Afrilu, da rana

Sun ci a waje. Ban kunna rediyo ba, mai sayar da madara ne ya gaya min.

Asabar, 12 ga Afrilu, da safe

Shida. Ba gishiri jiya, amma ba wanda ya gaishe ni. Na rera waƙar kowane mai bugu daga farko har ƙarshe, da muryar da ta fi ta begila. Tokuji yakan ce muryata ce ke hana tsuntsaye sauka a fili.

Lahadi, 13 ga Afrilu, da hantsi

Da hannun hagu nake rubutu, wanda ya iya karantawa ya karanta.

Jiya a zagaye na shida wani ƙaton ɗan ƙungiyar Barewa ya maka ƙwallo, tun daga ƙarar na san ta tsallake katanga. Ma'aikata suka hau busa usur, kowa ya dafe kai ya sunkuya. Na ɗaga ido na ga ba ni ta nufa ba, kujerar damana ta nufa. Ban yi wani tunani ba, na kwanta a kan jakar. Ta same ni a kafaɗa. Na ji kamar an buga min guduma, amma abin da kunnena yake saurare daban ne, kuma ban ji shi ba. Babu abin da ya fashe.

Mutane suka taru. Rigar ta zame, bakin jakar ya buɗe, kuma dole na duba. Na zare farin ƙyallen da hannu ɗaya na shafa tulun ta ko'ina. Lafiya lau. Da na ɗago, Hama-san na tsaye a kaina, sandar kiɗi ta faɗi daga hannunsa.

"Wannan… Toku ne?"

"Wa kake zato? Miya?"

"Tun ranar farko?"

"Tun ranar farko. Ya ce sai ya ga sun ci a gida. Kai ma kana wajen da ya faɗa, kana ɓare masa tuffa, ka ce masa kada ya damu, bana shekararmu ce."

Kinuyo ta rufe baki da hannu ta ja da baya. Shi kuwa ya yi ta kallon tulun. Na ɗauka zai yi min ihu, kuma na shirya masa. Sai ya sunkuya ya ɗauki rigar daga ƙasa, ya kakkaɓe ta, ya miƙo min da hannu biyu. Ya koma wajen gangarsa, kuma har aka tashi kiɗansa bai dawo daidai ba.

Sun so su kai ni ɗakin magani. Na ce sai an tashi. An tashi takwas da biyu.

Likita ya ce ƙashi bai karye ba, in kwanta mako guda. Na ce masa to. Wannan to ɗin ba irin wancan ba ne.

Lahadi, da yamma

Takwas a jere.

Na je da hannu a rataye. Da na isa, na tarar da kofin giya cike a gaban kujerar Tokuji, kumfa bai ko kwanta ba, irin wadda yake sha. Hama-san ya ba ni baya yana ɗaure igiyar ganga da ba ta kwance ba. Ban gode masa ba, shi ma bai juyo ba.

Talata, 15 ga Afrilu, da rana

Kinuyo ta bugo wa Noriaki. Wa kuma zai yi?

Bai ko gaishe ni ba. "Mama, da gaske ne? Kina yawo da Baba a jirgin ƙasa? A jakar cefane?"

"Ba jakar cefane ba ce, ta fata ce, shi ya sayo min."

"In da ƙwallon ta same shi fa? In da ya zube a ƙasa, a cikin ɓawon gyaɗa?"

"Ai ba ta same shi ba. Ni ta samu, kuma ba ka tambayi kafaɗata ba."

Na ji yana jan numfashi irin na ubansa. Sai ya rage murya, wanda ya fi ihun muni.

"Mama, toka ce da ƙashi. Ba ya ganin komai. Ba ya nan."

Na ajiye wayar a hankali don kada ya ce na yi fushi.

Talata, da la'asar

Ba ya nan. Shi da ya zo sau biyu a wata uku, shi zai gaya min wanda yake nan.

Laraba, 16 ga Afrilu, da yamma

Na hau tudu na je haikali. Malamin yana shara a tsakar gida. Tsoho ne mai kirki, aibinsa ɗaya, magoyin bayan Dila ne tun yana yaro.

Na ce, "Malam, in aka ɗaga ranar Lahadi zuwa wani mako fa?"

Ya jingina tsintsiya. "Ana matso da ita kusa, Fumiyo-san, ba a tura ta gaba. Ba a sa mai tafiya ya tsaya a bakin kogi yana jira. Me ya faru?"

Na gaya masa duka. Bai yi mamaki ba, ina jin labarin ya riga ni hawa tudun. Ya daɗe yana shafa ƙwaryar kansa.

"In sai Kaguwa sun ci za a kawo shi, ina tsoron ni ma zan riga shi shiga kabari."

"Malam, da ba don rigar da ke jikinka ba, da ka ji amsa."

"Na sani, shi ya sa na sa ta." Sai ya daina murmushi. "Akwai Juma'a, akwai Asabar. Zan roƙa muku, duk da ban taɓa yi wa Kaguwa ba. Amma Lahadi da hantsi ki kawo min shi."

Na sauko ina zagin matakala. Saura biyu. Ina jin tsoro, kuma a nan kaɗai zan faɗa.

Asabar, 19 ga Afrilu, da safe

Tara. Ɗaya da babu, wanda ya fi goma da babu ciwo.

Noriaki da matarsa sun iso. Ta shiga kicin ta fara jera min kwanuka inda ba nan suke zama ba.

Asabar, da almuru

Da zan fita ya tsaya a bakin ƙofa, ya cika ta. Yaushe ya yi wannan faɗin?

"Mama, gobe ne fa. Ki bar shi ya kwana a gidansa lafiya."

"Zai kwana a gidansa. Wasan rana ne."

"Ba zan bari ba."

"Noriaki, ni na koya maka ɗaure takalmi a wannan dakalin. Matsa."

Ya kalli jakar, ya kalle ni, ya matsa. Har na kai ƙasan bene ya biyo ni da laima ya cusa min a hannu, ko da yake babu hadari.

Gauraka ne suka dawo. Filin bai cika ba, wa zai ɓata Asabar ɗinsa? Amma layinmu ya cika, kuma kujeru ukun nan na haguna an zauna a kansu. Wani tsoho da ban san sunansa ba ya cire hula da zai wuce ta gaban jakar.

Muka fara da biyu a zagaye na farko. Na ƙi yin murna, na san halinsu. Gauraka suka rama, suka ƙara ɗaya. A na takwas Karasuda, wanda tun buɗe kaka iska yake duka, ya dungura wata ƙwallo marar kunya ta bi tsakanin ƙafafun mai jifa, aka dawo uku da uku. Tara ya ƙare a haka, aka shiga ƙari.

Duk makonnin nan ba na shan ruwa a fili. Ba zan bar shi shi kaɗai ba, kuma ba zan shiga da shi bayan gida ba. Yau dai jiki ya ci amanata, tun na tara nake matse ƙafa. A na goma na ji an taɓa ni ta baya. Kinuyo ce.

"Kawo shi nan."

"Don ki kai wa ɗana rahoto?"

"Fumiyo-san, kina rawa kamar 'yar yaye. Kawo shi, ki je ki dawo."

Na miƙa mata. Da na dawo na same ta ta ɗora shi a cinya, ta juya shi yana fuskantar fili, tana gaya masa ƙasa-ƙasa wanda ke bugu da wanda aka fitar. Na tsaya a matakala na ɗan jima kafin in ƙarasa.

Zagaye na sha biyu shi ne iyaka, in ba a rabu ba an tashi. A namu bugun na ƙarshe muka cika kusurwa uku da mutane, an fitar da biyu, saura ɗaya a tashi, Karasuda ya fito. Kowa ya miƙe. Hama-san yana dukan ganga, fatar tafinsa ta sale, ina ganin jini a sandar. Na ɗaga jakar sama da hannuna mai lafiya, yadda ake ɗaga yaro ya ga biki. Ban damu da wanda ya gani ba.

Jifa ta farko ya bari. Ta biyu ya kai duka ya rasa. Ta uku ya buga ta fita gefe. Ta huɗu ta zo daidai ƙirji, irin wadda ko ni zan buga, ya tsaya yana kallonta har ta shige hannun mai cafewa. Aka fitar da shi.

Canjaras.

Mutane suka watse a hankali. Mu uku muka zauna har masu shara suka fara hawowa. Hama-san ya naɗe hannunsa da tawul.

"Canjaras ba faɗuwa ba ce, Fumiyo-san. Bai ga sun faɗi ba a na ƙarshe."

"Ba abin da ya roƙa ba ke nan."

"Na sani."

Ya ɗauki jakar ya raka mu har tasha. Wannan ne karon farko da na bar wani ya ɗauka a kan hanya, kuma na rasa abin da zan yi da hannuna.

Lahadi, 20 ga Afrilu, da sassafe

Na goge tulun, na canza masa ƙyalle. Na zauna da shi kafin su tashi. Na yi tunanin in ɗebi ɗan kaɗan in ɓoye a gwangwanin shayi, ba wanda zai sani. Har na taɓa murfin. Amma ba rabin mutum na aura ba, ba kuma zan aika da rabi ba.

Na ce masa ban iya ba. Abu ɗaya ya roƙe ni, ban iya ba.

Lahadi, da almuru

An yi. Malamin ya yi karatu, aka ɗaga dutsen kabarin, Noriaki ya sa shi ciki kusa da iyayensa, aka mayar da dutsen. Abin bai ɗauki lokaci ba. Ba zan rubuta fiye da haka ba.

Daga nan aka wuce gidan abinci da dangi. Ƙanwar Tokuji tana ba da labarin ciwon gwiwarta, wani yana yabon kifi. Na duba agogon bango na ga an daɗe da fara wasa. Na ajiye tsinken cin abinci, na ce zan je wanke hannu. Noriaki ya bi ni da ido har ƙofa. Ya san hanyar wanke hannu ba ta nan ba ce, amma ya juya ya zuba wa kawunsa giya.

Na shiga fili da baƙaƙen kayana, babu jaka, babu riga. Matar ƙofa ta kalli hannuna, ta gane, ta buɗe min. Na iso ana sakin balan-balan na zagaye na bakwai. Biyu da babu, ana cin mu. Na ce yawwa, haka na san ku.

Na zauna a kujerata da kayan makoki daga sama har ƙasa, in akwai mai gishiri ya kawo.

A na takwas na farko ya samu shiga. Na biyu ya samu. Na uku jifa ta same shi a cinya, ya tafi yana ɗingishi. Sai Karasuda, shi dai na jiya. Na ce wa Kinuyo ta tashe ni in ya gama kallo. Jifar farko ya maka ta. Ta tashi, ta yi ta tashi, ta wuce kanmu, ta faɗa can saman rumfa inda ba a taɓa kai ƙwallo ba. Huɗu da biyu. Minegishi ya shigo a na tara ya fitar da uku a jere kamar ba shi ba.

Mun ci. A gida.

Filin ya haukace. Mutanen da suka guje ni mako biyu suna rungume ni, wani ya zubar min da giya a kafaɗar da ke ciwo. Ganga ce kaɗai ban ji ba. Na waiwaya na ga Hama-san ya kifa kai a kanta, bayansa na girgiza.

Da hayaniya ta lafa, Kinuyo ta sunkuyo tana share hanci.

"To ashe ba ke ba ce."

Ta faɗa ne don ta ba ni haƙuri. Sai da maganar ta fita ta ji abin da ta ce. Ta kalli kujerar damana. Hama-san ya ɗago, shi ma ya kalle ta. Mu uku muka zuba wa kujerar da ba kowa ido.

Ni na fara dariya. Na yi ta yi har na kasa numfashi, Hama-san ya kama, Kinuyo tana cewa mu bari, ba kyau, ita ma tana yi. Ban san inda dariyar ta ƙare ba. Na dai tsinci kaina da fuskata a cinyar Kinuyo, ina yin abin da ban yi ba a asibiti, ban yi ba a haikali.

Tokuji, tun da na san ka ba ka taɓa fashin wasan gida ba, ko da zazzaɓi, ko ranar da aka haifi ɗanka. Kuma tun da na san ka ba su taɓa ɗaukar kofi ba. Ka zargi koci, ka zargi alƙalin wasa, ka zargi safa, ka hana abokinka taɓa ganga. Ashe kai ne. Rana ɗaya ka yi fashi, ka ga abin da suka yi.

Wasan ya yi kyau, da ka so shi. Ni na fi son faɗuwar. Da za a tambaye ni, su yi ta faɗuwa har duniya ta tashi, kana zaune a damana kana zagin koci da baki cike da gyaɗa. Ba wanda ya tambaye ni.